Abin da Yaya Salifu Ya Tsoma a Kuloko

A wannan watan na Rajab yayana Malam Salifu Baduku, na Zangon Lome, ya cika shekara talatin da biyu a kabari. Da lissafin boko talatin da ɗaya ne. Na ƙirga da yatsu har sau uku kafin in sa alƙalami a takarda, domin ba na son in fara maganar mamaci da kuskure. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Idan na ƙara ko na rage a cikin abin da zan faɗa, Allah Ya yafe mini. Tsufa ne, ba ganganci ba.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, aji shida ne, daga nan na tsaya. Yaya Salifu ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da shekara goma sha biyar, kuma a tsakar gida ɗaya muka tashi a tsohon Zango, tun kafin a rushe shi a kwaso mu zuwa bayan gari. Waɗanda suka san shi ido da ido sun ƙare, saura kaɗan. Yaran yanzu kuwa, in ma sun taɓa jin labarinsa, da wani suna suka ji shi, sunan da ba na son rubutawa: Mai Rina Aya. Ni, Mumuni, ni na jawo masa wannan suna. Shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

A zamanin da nake magana jam'iyya ɗaya ce a ƙasar nan, kuma kowa ɗanta ne, ko ya so ko bai so ba. Wanda bai rayu a lokacin ba, da wuya ya gane. Mutum yana shan koko a bakin titi, in zai ce sukari ya yi tsada sai ya waiga hagu da dama. Ba a kiran sunan manya, sai dai a ɗaga gira. A wannan zamanin ne aka buɗe makarantar sana'ar hannu a jikin jami'a, aka ɗebo gwanaye don su koyar: masaƙi daga ƙasar Ewe, maƙeri daga arewa, wata tsohuwa mai ginin tukwane, masassaƙi, sai Yaya Salifu a fannin dukanci. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma in ya shigo aji ɗalibai masu manyan takardu tashi suke yi tsaye, suna ce masa Metir, wato malam da Faransanci.

Makarantar tana da ma'ajiya, wani ɗaki dogo mai taga ɗaya da kantoci har rufi. Ƙa'idar wurin ita ce, duk ɗalibin da zai gama sai ya bar aikinsa mafi kyau guda ɗaya, kowane malami kuma ya ajiye samfurin kowane irin aiki da ya iya, domin na baya su gani su koya. Akwai zannuwan saƙi, kujerun sassaƙa, tuluna, ƙararrawar ƙarfe, ƙorai masu zane. A ɓangaren fata akwai gafaka, zabira, kube, takalma. Kowane abu da lambarsa a ɗaure da zare, kowace lamba kuma tana cikin babban littafi. Babu abin da ke fita sai da sa hannun Darakta. Da aka nemi wanda zai riƙe makulli, Yaya ya ce wa Darakta: “Ina da ƙane, ko allura ya tsinta sai ya kwana uku yana neman mai ita.” Haka na sami aikin. Makullin a wuyana yake kwana. In na kulle ƙofa sai na dawo sau biyu na girgiza kwaɗon, wani lokaci daga bakin ƙofar jami'a nake dawowa.

Akwai wata ɗabi'a da na gada wurin kakarmu. Ba ta yarda a tsallake takarda mai rubutu a ƙasa ba, ta ajami ce ko ta boko, domin ba ka sani ba ko sunan Allah na ciki. Mutanen Zango da yawa suna yin haka, amma ni nawa ya yi yawa. Kuma ba na karanta abin da na tsinta, don a ganina karanta takardar wani leƙen asiri ne. Naɗe ta nake yi, rubutun ta ciki, in sa aljihu, in na isa ma'ajiya in zuba a kwandon da ke ƙarƙashin teburina. Jami'a kuwa gidan takarda ce. Yaya yakan leƙa kwandon ya ce: “Mumuni, ran ƙiyama kowa littafi ɗaya za a miƙa masa, kai buhu za a jawo maka.”

Wata shekara Darakta ya nemi Yaya ya yi wa ma'ajiya samfurin layu, kowane irin ɗinki guda ɗaya: mai kusurwa huɗu, mai kusurwa uku, kambun damtse, ta wuyan jariri, ta ƙugu, har goma sha biyu. Yaya ya yarda, amma ya ce mini ba zai sa aya a cikinsu ba, domin kowane hannu zai taɓa su, mai alwala da marar alwala, ga kuma ɓeraye. Sai dai fata tana son abin da za ta runguma, in ba haka ba ta shanye ta lotsa. Ya ce in naɗe masa takardu goma sha biyu, in nannaɗe su da zare kamar yadda malamai ke yi. Ga wanda bai sani ba: malami ne ke rubuta laya, ya naɗe, ya ɗaure. A ɗaure take zuwa hannun baduku. Baduku ba ya buɗewa, ba ya tambaya, ɗinki kawai ne nasa. Wannan ita ce amanar sana'ar, kuma Yaya bai taɓa karya ta ba.

Ranar da zan naɗe su Litinin ce, na yi sammako. Hanyar bayan ajujuwa ta yi fari fat da takardu kamar an yi ruwansu. Sababbi ne, girmansu ɗaya, bugun inji. Na ɗauka na jarrabawa ne iska ta watsar. Na bi ina tsinta har hannuna ya cika, ina ma murna na sami masu kyau. Kafin hantsi na naɗe goma sha biyu, na ɗaure, na kai wa Yaya, ya zuba a aljihun babbar rigarsa ya tafi da su rumfarsa ta Zango.

Da azahar motocin masu kaki suka cika jami'a. Aka ce an watsa tirak, wato takardun ɓoye masu sukar mulki. Aka kwashi ɗalibai. Wasu sun dawo bayan watanni, ba sa iya riƙe cokali. Akwai wanda ba mu sake gani ba. Zuciyata ta faɗa mini tun a ranar, amma na ce mata a'a, waɗancan daban, nawa daban. Kwandon yana ƙarƙashin gwiwata, miƙa hannu kawai zan yi in duba, tsoro ya hana ni. Da na duba a ranar, da na ruga Zango na karɓo su tun fata ba ta rufe su ba. Ban duba ba sai bayan mako guda, bayan Yaya ya shigo da layun a ɗinke, mai binciken ƙofar jami'a ma ya juya su a hannu ya yaba aikin. Bayan na ɗaura musu lamba, na rubuta su a littafi da hannuna, na jera su a kanta. Sannan na zaro guda daga kwando. Layi uku na karanta, na tabbatar tirak ɗin ce. Ba zan maimaita abin da ke ciki ba. Har yau bakina bai iya ba. Ragowar na cusa su cikin wutar maƙera lokacin da maƙerin ya fita cin abinci.

Wata bakwai na yi shiru. Na ce wa kaina fata ba ta da baki. Kullum in na buɗe ƙofa kantar nan nake fara dubawa, in ƙirga su, in sake ƙirgawa. Na rame har matata ta fara jiƙa mini saiwoyi.

Sai wata Litinin Darakta ya tara mu ya ce za a ɗauki kayan ma'ajiya a kai zauren jam'iyya a baje su a wani biki, kuma babban mutum da kansa zai ratsa ta gabansu. Saboda haka ran Alhamis masu tsaro za su zo su binciki kowane abu. Za a leƙa cikin tuluna, a girgiza ganguna, duk abin da ke rufe a buɗe shi, in ɗinkakke ne a sa wuƙa. Tun a ranar aka ajiye benci a ƙofar ma'ajiya, aka zaunar da wani mutum mai rigar atamfa mai hoton Shugaba. Ba a faɗa mana sunansa ba. Gyaɗa yake ɓarewa tun safe har yamma, sai muka riƙa ce masa Mai Gyaɗa. In na shiga ɗakin, ƙofa a buɗe. In na juya baya, ina jin idonsa a ƙeyata.

Bayan sallar azahar, a gindin dogonyaron da muke salla bayan aji, na ce: “Yaya, layun nan.”

“Me ya same su? Gara?”

“Da ma gara ce.”

Na faɗa masa duka, idona a kan tabarma. Ya tauna goronsa, sannan ya ce:

“Wata nawa ka ce?”

“Bakwai.”

“Wata bakwai kana kwana da kunama a wando, ko wash ba ka ce ba. Tambarin wa ke bayan layun?”

“Naka, Yaya.”

“Rubutun wa ke littafi?”

“Nawa. Zan je in faɗa musu ni ne, ba ka sani ba.”

“Ka ce musu me? Kakarka ta hana ka tsallake takarda? Za su yi dariya kam, amma sai bayan sun gama da kai. Tashi ka koma bakin aikinka. Kuma ka gyara fuskar nan, ko makaho ya shafa ta ya san ka yi laifi.”

Babu hanyar sacewa: lambobin suna littafi, Mai Gyaɗa yana ƙofa, ana kuma lalube aljihun kowa a bakin jami'a. Abin da Yaya ya yi shi ne, ya tafi wurin Darakta kai tsaye ya ce, in wuƙar masu tsaro ta shiga layun nan sun lalace har abada. A bar shi ya warware su da kansa ta hanyar sana'a, ran Alhamis a same su a buɗe, in an gama ya mayar da ɗinkin. Darakta ya sa hannu, ya ce a yi abin a gaban ɗalibai ya zama darasi. Mai Gyaɗa ya ce shi ma zai zauna.

Ran Laraba da hantsi na ɗauko su a faifai na kai aji. Ɗalibai sun kai goma sha biyar, biyu a cikinsu 'yan Zangonmu ne. Yaya yana zaune a kan buzunsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, a gefensa ga kaskon kuloko. Kuloko shi ne baƙin rinin dukawa, da tsatsar ƙarfe ake jiƙa shi ya yi kwanaki. Yana da wari, kuma duk abin da ya faɗa ciki ya zama baƙi ƙirin ke nan. Ya ɗauki ta farko, ya sa bakin basilla yana ɗaga ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, yana magana a hankali, Hausa da Mina, yaren garin, a gauraye, kamar kowace rana. Ya ce ɗinki mai kyau shi ne wanda mai shi zai iya warwarewa fata ba ta ji ciwo ba. Da bakin layar ya buɗe sai ya ja ƙyallen ya rufe hannunsa, ya kawar da fuska, ya zaro ƙullin takardar ya sake shi cikin kasko. Ya nutse. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ina tsaye jikin bango ina ƙirgawa.

A ta huɗu Mai Gyaɗa ya miƙe. Yana jin Hausar kasuwa.

“Alhaji, dakata. Mene ne a ciki?”

“Ban taɓa buɗe wadda na ɗinke ba,” in ji Yaya. “Ubana ma bai taɓa ba.”

“Ba ni in gani.”

Yaya ya yaye ƙyallen, ya ɗora ƙullin a tafin hannunsa ya miƙa. “Ga shi. Kai hukuma ne, ni wane ne in hana ka? Roƙona ɗaya, ka fita da shi can fili ka kwance. Kada a ɗakin nan. 'Ya'yan mutane ne a ciki.”

Ɗaliban da ke gaba suka ja bencinsu baya. Mutanen garin nan sun san kasuwar Akodesewa ta masu tsafi, sun san abin da aka ɗaure ba a kwance shi da wasa. Daga inda nake tsaye ina hango kusurwar takardar, zaren da na ɗaura ya saki a wurin, haruffa biyu na bugun inji sun leƙo. Hannun Yaya bai motsa ba. Hannun Mai Gyaɗa ya taho, ya tsaya a hanya, ya koma ƙirjinsa, inda wani abu kamar laya ke rataye ƙarƙashin rigar. Ban san tsawon lokacin da aka yi a haka ba. A lissafina ya kai shekara. Sai muryar Darakta daga bakin ƙofa, da Faransanci, ya ce al'adarsu ce, a bar su. Har yau ban sani ba ko ya gane wani abu ne ko kuwa aikin fatar kawai yake tausayi. Ya rasu ban tambaye shi ba.

Mai Gyaɗa ya goge tafinsa a wando. “Ku 'yan Zango,” ya ce. “Jefa abinka.”

Goma sha biyun suka nutse. Yaya ya sa kara ya dama su har suka zama kamar tuwon baƙar ƙasa. Ran Alhamis masu tsaro suka sami fatu goma sha biyu a buɗe, wayam, suka wuce. Ya cusa musu auduga ya mayar da ɗinkin, kowace allura ta bi tsohon raminta. Aka kai su biki, aka dawo da su kanta. Na yi sadaka, na ce an rabu da Bukar.

Ashe ba a rabu ba. Magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a ta cika Zango: Salifu ya tsoma ayoyin Allah cikin ruwan wari don ya faranta wa jam'iyya. A wurinmu, laya in ta tsufa ƙona ta ake yi a binne tokar a wuri mai tsarki, ko a wanke rubutun da ruwa mai tsabta. Ba a taɓa jin wanda ya sa ta a kuloko ba. Yaran nan biyu da idonsu suka gani, ban taɓa ganin laifinsu ba; da ni ne a matsayinsu, da na fi su jin zafi.

Liman na lokacin ya kira shi zaure, dattawa sun cika, ni ina can baya wajen takalma. Ya ce: “Malam Salifu, tambaya ɗaya ce. Aya ce ka tsoma?” In Yaya ya ce a'a, tambaya ta biyu ita ce, to mece ce? In ya ce farar takarda ce, kafin la'asar maganar ta isa kunnen Mai Gyaɗa, shi kuma ya tambayi dalilin da aka tsorata shi da farar takarda. A zauren nan akwai masu kai rahoto, kowa ya sani, ba wanda ya san ko su wa ne. Yaya ya ce: “Allah gafarta Malam, Wanda Ya san abin da na tsoma Shi zai tambaye ni.” Dattawa suka ɗauka girman kai ne. Na buɗe baki, ya waigo ya dube ni, na rufe. Kuma zan faɗi abin da ya fi mini ɗaci: da ya dube ni ɗin, daɗi na ji. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na ɗebo, bakin yayana ya ƙone.

Daga nan babu malamin da ya sake aiko masa da laya. Masu kawo Alƙur'ani a yi masa gafaka suka koma wurin wani. Mutumin da shekara ashirin yana sahun gaba, aka fara bar masa gurbi hagu da dama, har ya koma sahun baya da kansa don kada ya raba wa mutane sahu. Ya ci gaba da koyarwa a makaranta, a rumfa kuma ya koma ɗinkin takalman kasuwa. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da ido. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, shekara huɗu bayan haka, na durƙusa gefen gadonsa na ce ya ba ni izini in yi magana. Ya ce: “'Ya'yanka biyar, Mumuni. Suna ba ya jin bulala, gadon baya ke ji. Bari sunan ya sha.” Jana'izarsa ba ta cika sahu uku ba.

Ba a daɗe da rasuwarsa ba zamanin jam'iyya ɗaya ya wuce. Na ce bari ƙura ta lafa. Da ta lafa na ce wa ya sani ko za ta sake tashi. Daga baya na ce ai an manta, tono zai sabunta ciwo. Kowace shekara da uzurinta, kuma kowane uzuri in na auna shi ina samun nauyi a cikinsa. Matsoraci ba ya rasa hujja.

Watan jiya wata yarinya ta zo nemana a kan babur. Ita ce ke riƙe da ma'ajiyar yanzu, ta yi karatu mai zurfi a kan adana kayan tarihi. Ta ce gara ta cinye lambobi da yawa, ruwa ya taɓa tsohon littafina, su kuma suna ɗaukar hoton kowane abu suna sawa a na'ura don duk wanda ke duniya ya iya gani. Ko zan zo in taimaka a gane wa ya yi me? Na kwana biyu ina juya abin kafin in je. Ɗakin ya sami fanka da fitilu. Kafin a taɓa komai sai an sa farar safar hannu. Na ga layun a cikin akwatin gilashi, su goma sha biyu, na ƙirga. A ƙarƙashinsu an rubuta da Faransanci: ba a san mai aikin ba.

Na tsaya ina tunanin me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san zai fara da dariyar safar hannun: abin da 'yan unguwarsa suka ƙi taɓawa, ga masu digiri suna lallaɓa shi kamar ƙwai. Sannan zai matsa kusa ya ce fatar nan ƙishirwa take ji, a shafa mata mai. Zai tambayi ɗalibai nawa ne suka iya riƙe basilla, in aka nuna masa keken ɗinki da gam zai yi tsaki, amma ina jin daga baya zai zauna ya ce a gwada masa yadda keken ke tafiya, don bai taɓa raina kayan aiki ba. Abin da ban iya hasashe ba shi ne yadda zai ɗauki yaran yanzu, waɗanda ke faɗar abin da ya fi na takardar nan zafi a cikin wayoyinsu, a bainar jama'a, suna dariya. Ko zai ce sun huta, ko zai ce su riƙa waigawa? Ni dai har yanzu in jikana ya fara irin wannan magana tashi nake yi in rufe taga.

Na faɗa wa yarinyar sunansa, na tsaya a kanta har ta rubuta shi daidai. Na nuna mata yadda za ta gane hannunsa: a juya layar ta baya, ramin allura ɗaya ne amma zare ya bi shi sau biyu, kuma bai yage ko ɗaya ba. Ta tambayi dalilin ɗinki biyu. A nan, a gaban baƙuwa sa'ar jikata, bakina ya buɗe karo na farko. Ta ce a bar ta ta rubuta labarin kusa da hoton. Na ce ta dakata, akwai wadda ta fi ta haƙƙin fara ji.

Adiza ce, 'yar Yaya ta fari. Tana da shekara goma sha biyu lokacin da abin ya faru. Yanzu ita ma kaka ce, tana sayar da atamfa. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na faɗa mata tun daga kwando har zauren Liman. Hannunta bai tsaya ba sai da na yi shiru.

“Baba Ƙarami, ka gama?”

“Na gama.”

“Ka san famfo nawa na canza ina yarinya? In na ajiye bokiti sai a ce a matsa, 'yar Mai Rina Aya za ta baƙanta ruwa. Kana wucewa ta wurin da kekenka. Kana gaishe ni ma.”

Na ce zan rubuta a jarida, da sunana.

“Rubuta. Amma wa ke karanta jarida cikin waɗanda suka bar masa gurbi a sahu? A masallaci aka ɓata shi, a can za ka wanke shi. Da bakinka.”

“Adiza, kin san muryata ba ta fita cikin mutane.”

“Akwai lasifika,” ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Tun daga ranar nake auna abin da ya rage na Yaya Salifu a duniya. Rumfarsa ta zama shagon sayar da katin waya. Kayan aikinsa sun watse. Akwai fatu goma sha biyu cike da auduga a cikin gilashi, da gafaka biyu da kube ɗaya, yanzu da sunansa a ƙarƙashinsu. Wannan zai daɗe in Allah Ya so, fiye da ni. Akwai tsofaffin ɗalibansa da ke ɗinki a garuruwa, wasu ba su ma san hannun wa ke cikin hannunsu ba. Amma aikinsa mafi girma ba ya kanta, ba shi da lamba. 'Ya'yana biyar sun tashi da uba a gida. Sun yi aure, sun haifa. Duk wanda ya ga jikokina suna guje-guje a lungun Zango, to aikin hannun Salifu Baduku yake gani, kuma da mutuncinsa ya saye shi.

Na je wurin Limamin yanzu, ɗan wancan Limamin ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ran Juma'a bayan an sallame kada kowa ya tashi, zai miƙo mini abin magana. Yau Talata, na riga na rubuta abin da zan faɗa na yage sau huɗu. Amma zan je. Duk wanda ya taɓa kiran yayana da wancan suna, ko aka kira a gabansa ya yi shiru, ina roƙonsa ya zo ya zauna kusa. Kada ya ji kunya. A cikin masu shirun nan ni ne na farko, kuma ni kaɗai ne na san gaskiya.